Injin Shara Mai Jaka, Mai Kwano Ko Mai Batir: Wanne Ne Zai Jure Ƙurar Gidajenmu?

Duk wanda ya taɓa share falo da safe a watan Janairu, ya dawo da la'asar ya tarar zai iya rubuta sunansa da yatsa a kan tebur, ya san cewa tsintsiya kaɗai ba ta isar gida a lokacin hunturu. Tsintsiya tana kwashe abin da ido ke gani, amma ƙura mai laushi tashinta take yi, ta yi yawo a cikin ɗaki, ta sake sauka a kan kujeru da labule da shimfiɗa bayan mai shara ta ajiye tsintsiyarta. Wannan ne ya sa gidaje da yawa, musamman waɗanda aka malale da kafet, suke neman injin shara mai zuƙe ƙura. Abin damuwa shi ne yawan injunan da ake saya da tsada, a yi murna da su wata shida ko shekara guda, daga nan su koma sito su zama wurin ɗora tarkace. A fahimtata, abin da ke kashe yawancinsu tun daga kanti ake sayo shi: an ɗauki injin da bai dace da irin ƙurarmu da irin wutarmu ba, ko kuma wanda babu kayan gyaransa a kusa.

Ya kamata a fara da sanin abin da injin zai yi fama da shi. Ƙurar hunturu, wadda iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara tun daga Nuwamba har zuwa wajen Maris, mafi yawanta kuma daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, laushinta kamar na garin fulawa ne. A gefe guda kuma akwai yashi mai nauyi da takalma da ƙafafun yara ke shigowa da shi daga tsakar gida, wanda ke nutsewa can ƙasan kafet yana cin zarensa a hankali. Injin shara yana aiki ne da mota, wato ɗan injin lantarki da ke cikinsa, mai juya fanka da matuƙar gudu, tana jan iska ta mesa, iskar ta bar dattin a wani mazubi, ta ratsa matata, sannan ta fita. A yawancin injunan gida, wannan iskar da ta ratsa matata ita ce kuma take sanyaya motar. Ke nan idan ƙura mai laushi ta toshe matata, abu biyu ne ke faruwa a tare: ƙarfin zuƙa ya ragu, motar kuma ta riƙa ɗaukar zafi. Wanda ya riƙe wannan bayani zai gane cewa tambayar farko game da kowane inji ita ce yadda yake raba ƙura da iska, da kuma sauƙin tsaftace abin da ke yin wannan aiki.

Injin mai jaka shi ne tsohon hannu. Dattin yana shiga jakar takarda ko ta wani yadi mai kama da auduga, jakar kanta kuma matata ce babba, don haka duk lokacin da aka sauya ta, kamar an saka wa injin sabuwar matata ne. Idan ta cika, sai a zare ta, a rufe bakinta, a jefar, ba tare da ƙurar ta koma hancin mai aiki ba. Ga gidan da akwai mai asma ko yaron da ƙura ke tayar wa mura da atishawa, wannan babbar fa'ida ce. Ginin waɗannan injuna kuma ba shi da sarƙaƙiya, abin da ke iya lalacewa a cikinsu kaɗan ne. Misali sananne shi ne Henry na kamfanin Numatic, wanda ya fara fitowa a 1981, ake kuma ƙera shi a garin Chard na Ingila: motarsa wat 620 ce kacal, wayarsa mita 10, ƙaramin samfurinsa yana ɗaukar lita 6 na datti, kuma da hannu ake naɗe wayarsa, babu sifirin da zai tsinke ya bar waya a waje. Ba banza ba ne masu aikin share ofisoshi da otal-otal a can suka riƙe shi. Akwai kuma Miele na Jamus, wanda kamfaninsa ke cewa yana gwada injunansa a kan aikin da ya yi daidai da shekara 20, sai dai kuɗinsa da na jakunkunansa ba na kowa ba ne.

Raunin mai jaka a wurinmu a bayyane yake, kuma ba ƙarami ba ne. Jakar ba a kowane shago ake samunta ba, kowane samfuri kuma da irin bakin jakarsa. Ƙurar hunturu tana toshe ƙofofin jakar takarda tun kafin ta cika rabi, sai mutum ya ga jaka da sauran wuri amma injin ya daina zuƙa. Jakar yadi mai ninki da yawa ta fi ta takarda jure wannan nesa ba kusa ba. Da yawa daga masu irin wannan inji, idan jaka ta ƙare, sai su farke ta ƙasa, su zazzage, su ɗinke ko su liƙe da salatif, su mayar. Wannan dabara tana iya fitar da mutum sau ɗaya, amma ƙofofin jakar sun riga sun toshe, ɗinkin kuma yana barin ƙura ta wuce kai tsaye zuwa mota. Saboda haka, wanda zai ɗauki mai jaka ya tabbatar ya san inda zai riƙa samun jakar, ya kuma sayi ta shekara guda tare da injin a rana ɗaya. Akwai samfuran da ke zuwa da jakar yadi ta dindindin wadda ake zazzagewa a mayar. Ba ta kai ta jefarwa tace ƙura ba, amma ta raba mutum da neman jaka.

Injin marar jaka, mai kwanon roba da ake hango dattin a ciki, shi ya cika shaguna a yau, kuma shi ya fi jan ido. James Dyson ne ya shahara da wannan fasaha, bayan ya yi gwaji 5,127, ya fitar da samfurinsa DC01 a Ingila a 1993. Dabarar ita ce a juya iskar kamar guguwa a cikin kwano, datti mai nauyi ya fice gefe ya faɗi ƙasa, iskar ta wuce. Ga yashi da ɓarɓashin abinci da gashi, wannan yana aiki sosai. Inda ake samun bambanci mai girma shi ne wajen ƙura mai laushi. Injuna masu tsada suna da ƙananan guguwoyi masu yawa da ke kama mafi yawanta kafin ta isa matata. Masu araha kuwa, waɗanda su ne suka fi yawa a kasuwa, guguwa ɗaya ce mai rauni, kusan duk ƙurar mai laushi tana tafiya ta liƙe a jikin wani ɗan soso ko ƙaramar matata mai ninki da ba ta fi tafin hannu ba.

Irin wannan na fara saya, kuma abin da na gani da idona ya isa darasi. A watannin damina ya yi aiki lafiya lau. Da hunturu ya kama, kafin a gama falo da ɗaki guda sai ƙararsa ta sauya, ta yi siriri kamar mai kuka, jikinsa ya yi zafi, ya ɗauke da kansa, sai an bar shi ya huce. Idan aka buɗe, soson da ke shuɗi ya koma ruwan ƙasa, ya yi tauri kamar an shafe shi da laka ta bushe. Zazzage kwanon ma wani aiki ne: a fita da shi tsakar gida, a buɗe ƙasansa, iska ta ɗebi rabin ƙurar ta watsa wa mutum a fuska da kan shanya. Wata rana aka wanke soson, aka mayar da shi da sauran laima saboda ana sauri baƙi za su zo, daga ranar ɗakin ya riƙa warin rima duk lokacin da aka kunna, ba a yi wata biyu ba motar ta ƙone. Matatar da aka wanke tana bukatar aƙalla yini da kwana kafin ta bushe sarai, shi ya sa duk mai irin wannan inji ya kamata ya mallaki matata biyu, ɗaya tana aiki ɗaya tana shanya. Maganar cewa marar jaka ba ya cin kuɗi bayan saye ba ta cika ba, domin matatarsa ma tana tsufa, kuma samunta a wasu lokuta ya fi samun jaka wuya.

Akwai nau'i na uku da ba a cika tallata shi ba, alhali a ganina shi ya fi kusa da rayuwar yawancin gidajenmu, wato injin mai siffar durom ko babban bokiti a kan tayoyi. Iri biyu ne. Na farko na busasshen datti ne kawai, irin waɗanda Panasonic da Hitachi ke yi domin kasuwannin ƙasashen Larabawa, inda ƙura da yashi suke kamar namu. Suna ɗaukar lita 15 zuwa sama da 20, matatarsu babban yadi ne da ake kakkaɓewa ko a wanke, kuma faɗinta ya sa ba ta saurin toshewa. Aibinsu shi ne cin wuta, domin da yawansu sun kai wat 2,000 ko fiye. Na biyu shi ne mai zuƙar jiƙa da bushe, kamar WD 3 na kamfanin Kärcher, mai lita 17 da mota ta wat 1,000. Wannan yana kwashe ruwan da ya zube ko wanda ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa da damina, yana share cikin mota da gareji, ana kuma iya juya mesarsa ya riƙa hura iska. Galibin masu zuƙar ruwa suna sanyaya motarsu da wata iska ta daban da ba ta bi ta cikin datti ba, abin da ke ƙara musu juriya idan matata ta fara toshewa. Sai dai suna da ƙara, suna cin wuri, jan su a bene wahala ne, kan sharar da suke zuwa da shi kuma ba ya tono kafet mai kauri yadda ya kamata. Idan ba a saka musu jaka a ciki ba, su ma ƙura mai laushi tana liƙe wa matatarsu.

Mai batir, wanda ba shi da waya, yana da hujja mai ƙarfi a ƙasar da wuta ba ta da tabbas: a yi masa caji lokacin da aka kawo wuta, a yi shara lokacin da aka ga dama. Ba shi da nauyi, yana shiga ƙarƙashin gado da lungun kujera, ɗaukarsa don kwashe ɗan abin da yaro ya zubar kuma ba ya bukatar shiri. Kamfanin Dyson ma ya sanar a 2018 cewa ya daina ƙirƙiro sababbin samfura masu waya. Amma a duba alƙaluman da kyau. Samfurin Dyson V8, alal misali, yana yin har minti 40 a ƙaramin ƙarfi, idan aka ɗaga shi zuwa ƙarshen ƙarfinsa kuwa wajen minti 7 ne, cajinsa yana ɗaukar kimanin awa 5, kwanonsa kuma ya ɗan ɗara rabin lita. Kafet mai yashi babban ƙarfi yake so, don haka lokacin da aka rubuta a kwali ba shi ne mai kafet zai samu ba. Abu mafi muhimmanci shi ne batirin. Batirin litiyom yana raguwa da shekaru ko da an kula da shi, zafi kuma yana gaggauta tsufansa, ga shi ɗakunanmu a watan Afrilu da Mayu sun san zafi. Bayan 'yan shekaru za a nemi sabon batir, kuɗinsa kaso ne mai tsoka na kuɗin injin, na jabu kuma suna da haɗarin kumbura ko kamawa da wuta. Wanda zai saya ya zaɓi wanda batirinsa ke cirewa da hannu, ya tambayi kuɗin sabo tun kafin ya biya. A wurina mai batir mataimaki ne nagari, kuma zai iya zama shi kaɗai a ƙaramin gida mai tayil, amma ba zan ɗora masa nauyin babban gida mai kafet ba.

Injin da ke yawo da kansa, irin Roomba da ya fito a 2002 da ire-irensa, ba zan daɗe a kansa ba. Yana son daɓe mai santsi, bai ɗaya, marar tarkace. Gidan da ke da dokin ƙofa tsakanin ɗakuna, da tabarma, da darduma mai geza, da wayoyin caji a ƙasa, zai riƙa maƙalewa, ɗan mazubinsa kuma ba zai ɗauki ƙurar yini guda ta hunturu ba.

Irin daɓen gida yana da hannu a zaɓi fiye da yadda ake zato. Tayil da leda da siminti ba sa bukatar komai sai zuƙa da kan shara mai gashi mai laushi. Leda ma ƙarfin da ya yi yawa ɗaga ta yake yi, don haka injin da ake iya rage wa ƙarfi ya fi dacewa. Kafet mai kauri kuwa yana bukatar kai mai buroshi mai juyawa wanda ke dukan zaren yana fito da yashin da ya nutse. Irin wannan kai yana naɗe gashi da zaren ɗinki da gezar darduma, sai an riƙa yanke su da almakashi, bel ɗin da ke juya shi kuma yana tsinkewa, saboda haka shi ma a tambayi ko ana samunsa.

Sai maganar wat, wadda masu shago suka fi kafa hujja da ita. Adadin wat yana nuna wutar da injin ke sha ne, ƙarfin zuƙa kuwa ya dogara ga ƙirar fanka, da rashin yoyon iska a mahaɗai, da kyawun kan shara. Tarayyar Turai ta taƙaita injunan shara na gida zuwa wat 1,600 a watan Satumba na 2014, ta sake saukar da iyakar zuwa wat 900 a Satumba na 2017, kuma injunan da aka yi bayan haka suna share gida sarai. Dokar ta kuma gindaya cewa motar ta iya yin aƙalla awa 500 tana aiki. Wanda ke shara awa guda a mako, wannan ya kusa shekara goma. Wanda hunturu ya sa shi shara awa uku a mako, ya ɗan wuce shekara uku. Wannan lissafi yana nuna cewa injunanmu suna tsufa da wuri fiye da na can, ko da ba a yi musu laifin komai ba. Ta fuskar wuta kuma, injin wat 2,000 yana cinye yunit guda a cikin rabin awa, mai wat 900 kuwa bai kai rabin haka ba. Ƙaramin janaretan nan da bai kai wat 1,000 ba ba zai ɗauki babban inji ba, inbata mai ƙaramin ƙarfi ma za ta yi ƙara ta ɗauke, musamman da yake mota tana fizgar wuta fiye da ƙima a daidai lokacin tashi. Gidan da ya dogara da sola ko janareta, injin wat 600 zuwa 900 shi ne zaɓin hankali.

Kayan Baljiyam suna da nasu gargaɗin. Ana samun injuna masu inganci ƙwarai a cikinsu a kasuwanni irin Sabon Gari ta Kano da Alaba ta Legas, wani lokaci tsohon inji na Turai ya fi sabo marar asali ƙarko. Amma a juya shi a karanta tambarin da ke ƙasansa. Wutar Najeriya da Nijar da Gana tana tsakanin bolt 220 da 240 ne, ta Amurka 120 ce, ta Japan 100. Injin Amurka idan aka cusa shi a soket kai tsaye nan take zai ƙone, taransifomar da za ta ɗauki inji mai shan kusan wat 1,400 kuma babba ce mai nauyi da tsada. Na Ingila da na Dubai sun dace da wutarmu, fuloginsu ma irin na Najeriya ne mai ƙafa uku. A kunna shi a gaban mai shago na wasu mintuna, a saurari ko akwai ƙarar gurzawa, a sunsuna iskar da ke fita ko akwai ƙauri, a toshe bakin mesa da tafin hannu a ji yadda take kamawa, a bi mesar da hannu ana lanƙwasa ta don gano tsaga. Idan ana ganin tartsatsi mai yawa ta ramukan iska, gawayin motar, wato ɗan abin da ke gogar ta yana kai mata wuta, ya cinye. Wannan abu ne da mai gyaran fanka da injin markaɗe zai iya sauyawa idan ƙirar motar ta ba da dama, abin da ba ya yiwuwa ga yawancin masu batir da allon lantarki ke sarrafawa.

Game da matatar da ake kira HEPA, ta gaskiya tana kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin da girmansu ya kai maikiron 0.3 (maikiron shi ne kashi ɗaya cikin dubu na milimita) a ma'aunin Amurka, a ma'aunin Turai kuma ajin H13 yana kama kashi 99.95. Amfaninta yana tabbata ne idan jikin injin a rufe yake ruf, ta yadda iska ba ta da wata hanyar fita sai ta cikinta. Kwalaye da yawa suna ɗauke da wannan suna ba tare da ambaton aji ba, don haka mai larurar numfashi a gidansa ya nemi inda aka rubuta H13 ƙarara.

Idan aka tambaye ni, gida mai kafet a falo da ɗakuna, mai samun wuta gwargwado, ya ɗauki mai jaka mai waya wanda bai wuce wat 900 ba, muddin jakarsa tana samuwa. Shi nake amfani da shi yanzu, kuma jakar yadi ɗaya tana kai ni makonni ko a tsakiyar hunturu. Inda jaka ba ta samuwa, ko babban gida mai yara da yawa da tsakar gida mai yashi, ko masallacin unguwa mai faɗin kafet, mai durom ya fi, a duba kawai ko wutar wurin za ta ɗauke shi. Amaryar da za ta tare a ɗaki biyu da falo masu tayil da darduma ɗaya a tsakiya, mai batir nagari zai ishe ta. Marar jaka mai waya kuwa, a saye shi idan na kirki ne mai guguwoyi da yawa, tare da matata ta biyu a hannu, a kuma karɓi rasit da takardar garanti mai ɗauke da sunan wanda zai gyara a cikin gari. Kowanne aka ɗauka, kada a zuƙi tokar kaskon turaren wuta da shi sai ta kwana ta huce, domin ɗan garwashin da ido bai gani ba, idan ya haɗu da iska mai ƙarfi da busasshen gashi a cikin jaka, yana iya ruruwa bayan an kashe injin an jingine shi a bayan ƙofa.